Tajuddini na Shehu Maghili a Hannun Kwamitin Masallaci: Abin Ɗauka da Abin Bari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masallata da ɗalibai, akwai wani ɗan ƙaramin littafi da ba a raba shi da bakin malamai duk lokacin da zancen shugabanci ya taso, shi ne Tajuddini fi ma yajibu alal muluki, na Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almaghili. Masu yabonsa sun fi masu karanta shi yawa. Cikin masu karatun kuma akwai waɗanda ke ɗauko shi ɗungurungum su ɗora a kan kwamitin masallaci ko makarantar Islamiyya, sai ka ce ciyaman ɗin unguwa shi ne Sarkin Kano. Wannan rubutu awo ne: mutumin da aka damƙa wa ragamar ƙungiya irin tamu a nan Kalpohin, me zai samu a littafin, me ba zai samu ba, kuma mene ne in ya kwaikwaya zai ɓata masa aiki? Auna littafin malami ba raina malami ba ne. Malaman da suka zo bayansa ma sun ɗauka, sun ƙara, sun bar wani abu.

Marubucin da wanda aka rubuta wa

Maghili mutumin Tilimsan ne, ya zauna a Tuwat, dukansu a ƙasar Aljeriya ta yau. Ya iso Kano wajen shekarar 1492, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga baya ya wuce Gawo, inda ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai, ya rasu a Tuwat wajen 1504. Rumfa kuwa sarki ne mai son tsari. Tarihin Kano ya jingina masa gina gidan sarauta da har yau ake kira Gidan Rumfa, da kafa kasuwar Kurmi, da majalisar manyan 'yan sarki da ake ce wa Tara ta Kano. Ke nan littafin an rubuta shi ne don mutumin da ke da birni mai ganuwa, da mayaƙa, da alƙalai, da baitulmali. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Littafin babi takwas ne. Na farko kyautata niyya, na biyu kamala da kwarjinin shugaba, na uku tsara ma'aikata, na huɗu taka-tsantsan a gida da tafiya, na biyar bincikar al'amura, na shida adalci a hukunci, na bakwai tara dukiya ta hanyar halal, na takwas inda ya kamata a kashe ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi sun ciro daga maganganun Maghili a littattafansu, kuma wani Bature mai suna Baldwin ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Bairut a 1932. Ba abin mamaki ba ne a same shi a hannun malamanmu na nan, domin hanyar fataken goro daga Kano zuwa Salaga ta Yendi ba goro kaɗai ta ɗauka ba, har da littattafai da malamai.

Salonsa gajeru ne, jimloli masu amsa-amo da baitoci nan da can, yawanci umarni: yi kaza, bar kaza. Wannan ya sa yana da daɗin hadda. Amma a nan ne kuma tarkon yake ga ɗalibi. Marubucin bai cika tsayawa kawo labari ko doguwar hujja ba, saboda sarki mai aiki ya rubuta wa. Wanda ya haddace umarnin bai gane dalilinsa ba, zai yi amfani da shi inda bai dace ba.

Inda littafin ya yi ƙarfi

Abu na farko, kuma mafi tsada, shi ne gargaɗin da yake maimaitawa a ƙarshen babi bayan babi game da shugaban da ke shigewa lungu har talaka ya kasa ganinsa. A wurin Maghili daga nan ɓarna take farawa. A babin adalci ya nemi sarki ya riƙa zama kullum a inda mata da yara ma za su iya isa gare shi, kuma bai yarda a ce ai akwai alƙalai da wakilai sun isa ba, don sau da yawa ƙarar ma a kansu take. Wannan magana ce ta wanda ya san yadda manyan hukumomi ke aiki. Duk labarin da ya bi ta hannu uku kafin ya kai ga shugaba, kowane hannu sai ya ɗan goge abin da zai taɓa shi. Mu kanmu mun san wannan. Malamin aji ya yi wata biyu bai ga alawus ba, ya faɗa wa hedimasta, hedimasta ya faɗa wa sakatare cewa malamai na ɗan ƙorafi, sakatare ya ce wa ciyaman komai lafiya sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar da malamin ya bar aiki ya koma tuƙa adaidaita, sai ciyaman ya ce ba wanda ya gaya masa. Gaskiya ya faɗa, amma laifinsa ne, don bai buɗe ƙofar da za a gaya masa ba.

Kuma ɓuya iri-iri ce. Shugaba yana iya yin salla biyar a sahun farko amma ya ɓuya. Wanda in an kawo masa ƙorafi sai ya haɗe rai, ya ɓuya. Wanda ba ya jin magana sai daga mutum biyu da ke raka shi gida bayan Isha'i, ya ɓuya. Wanda ya mayar da dandalin WhatsApp na ƙungiya ya zama shugabanni kaɗai ke iya rubutu, shi ma ya sa labule.

Abu na biyu shi ne babi na uku. Maghili bai ga sarauta a matsayin mutum ɗaya mai yin komai ba. Ya jera ayyuka: wazirai, masu riƙon dukiya, marubuta da masu lissafi, manzanni, masu gadi, likitoci, alƙalai, masu kula da awo da kasuwa, kowa da nasa. Wannan ya fi ƙarfin abin da ake gani a ƙungiyoyi da yawa yau, inda mutum ɗaya ne ke karɓar sadakar Juma'a, shi ke ƙirgawa, shi ke ajiyewa, lambar wayarsa ce ta Momo, shi ke sayen siminti, shi kuma ke ba da rahoto. Ko da waliyyi ne, an zalunce shi, don an bar shi ba mai shaidarsa ranar da baki ya buɗe.

Abu na uku, bincike. A babi na biyar ya ce a san abin da ma'aikaci ya mallaka kafin a naɗa shi, a kuma ci gaba da lura da shi bayan naɗi, kuma ya tsananta a kan kyautar da ake kai wa masu riƙe da muƙami. Asalin wannan yana cikin Sunna. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu a matsayin kyautar da aka ba shi, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka. Ku duba kuma tsarin mulkin Gana na 1992: sashe na 286 ya wajabta wa manyan jami'an gwamnati su bayyana kadarorinsu ga Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙasa. Shekara ɗari biyar ne tsakanin zuwan Maghili Kano da wannan doka. To don me a masallaci in an ce a kawo rasit sai a ce an ci mutuncin dattijo? Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abu na huɗu, babi biyu na ƙarshe sun kafa ƙa'ida mai sauƙi: dukiyar jama'a ba ta shugaba ba ce, a tara ta ta halal, a kashe ta a fara da mafi muhimmanci sannan mai bi masa. Kwamitin da ke tara kuɗin ƙara tsawon hasumiya alhali ba a biya malaman makaranta ba, wurin alwala kuma ba ruwa a watannin rani da Tamale ke fama, wannan babi ya riga ya yanke masa hukunci.

Inda littafin ya yi shiru

Yanzu mu koma ga abin da na ce ku riƙe. Tun daga sunansa, littafin yana magana ne a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Mutum ɗaya ake wa magana daga farko har ƙarshe. Sauran duk da aka ambata, wazirai ne ko marubuta ko alƙalai, an kalle su ne ta idon sarki: wa zai zaɓa, yaya zai sa musu ido. Yadda su kansu za su zauna da juna, wa ke da ta cewa in waziri da ma'aji suka saɓa, wannan ba shi ne damuwar littafin ba, don a fada amsar a bayyane take: sarki ya yanke.

Ƙungiyar masallaci ba haka take ba. Ku ƙirga masu iko a cikinta. Akwai liman, wanda girmansa daga ilimi yake. Akwai ciyaman da kwamiti, waɗanda jama'a suka zaɓa ko dattawa suka nuna. Akwai gidan da suka ba da fili, da sarkin unguwa. Akwai hedimasta, wanda in makarantar tana ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da gwamnati ta kafa a 1987, wasu malamansa albashinsu daga gwamnati yake, kuma can suke amsa tambaya. Akwai magajiya da matan da ke bayanta, akwai samari, akwai Alhajin da ke Akara ko Jamus yana aiko da kuɗin gini yana kuma son a ji ra'ayinsa. Ba ɗayansu da zai iya korar ɗaya. Rumfa in ya yi umarni akwai dogari a ƙofa. Ciyaman ba shi da dogari, kuma mutanensa aikin sa-kai suke yi. In ransu ya ɓaci ba sa tawaye, zamewa suke yi: yau ba su zo taro ba, gobe sun daina ba da gudummawa, jibi ka ji an kafa tubalin sabon masallaci a bayan layi. Shugabancin irin wannan wuri sai da lallashi da bayani da haƙurin a ƙi ra'ayinka a gaban mutane. Wanda ya karanta Tajuddini ya fito yana jin kansa sarki, ya karanta shi a juye.

Shirun farko ke nan. Na biyu ya fi shi nauyi: gado. Cikin babi takwas ɗin babu wanda aka keɓe wa tambayar wa zai hau in sarki ya sauka ko ya rasu, da wace hanya. Ba za a zargi marubucin ba, don baƙon malami ba ya shiga gaban sarki mai rai ya fara zancen magajinsa. Amma mu mutanen wannan ƙasa mun fi kowa sanin kuɗin wannan giɓi. Yaƙin basasar Salaga na 1892 rikicin gadon sarautar Kpembe ne, kuma shi ya watsa kasuwar da ta fi kowace suna a wannan yanki. Fatake da malamai suka bazu, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Na kusa kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. A watan Maris na 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi tare da mutane da dama. Tamale ta zauna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci fiye da shekara biyu, Dagbon kuma ta yi kusan shekara 17 ba Ya-Na, sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu. Ba na kawo wannan don ɗora wa wani gida laifi ba, Abudu da Andani duk iyayenmu ne. Abin lura shi ne yadda aka fita: sarakuna uku da ɓangarorin suka yarda da girmansu, wato Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu da Nayiri da Yagbonwura, sannan tsari a rubuce mai cewa wannan jana'iza za a fara, wannan ta biyo, sannan a yi zaɓe, kowanne da ranarsa. Masu shiga tsakani da aka amince da su, da matakai a rubuce. Waɗannan biyun babu su a Tajuddini, kuma babu su a yawancin ƙungiyoyinmu.

Ko jama'ar Shehu Usmanu, da iliminsu da tsoron Allahnsu, ba su tsira daga wannan jarrabawa ba. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. Da ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, baffansa Abdullahi bai ji daɗin yadda abin ya gudana ba, aka yi 'yan shekaru da sanyi a tsakaninsu, sai a Kalambaina, da Bello ya kawo masa ɗauki, suka daidaita. In irin waɗannan sun ɗanɗana, wane ne ciyaman ɗin unguwa da zai ce mu nan ba ma bukatar rubuta komai, duk 'yan'uwa ne?

Alhali Sunna ba ta yi shiru a nan ba. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya naɗa Zaidu ɗan Harisa, ya ce in an kashe shi Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karɓa, in an kashe shi Abdullahi ɗan Rawaha. Tun kafin a bar Madina an san na biyu da na uku. Sayyidina Umar kuma da aka soke shi a shekara ta 23, ya ware mutum shida, Usmanu da Aliyu da Ɗalha da Zubairu da Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ya ba su kwana uku su fitar da ɗaya. An san masu zaɓe, an san wa'adi. A nan garin ma akwai abin dubawa, kowace fahimta mutum yake bi. Afa Ajura, wanda ya kafa Anbariya, ya rasu a Disambar 2004, kuma Afa Seidu ya karɓi jagoranci a 2007. Makarantar ta wuce wannan gaɓa ba ta rushe ba, kuma cikin dalilan akwai cewa tun da rai malamin ya tura ɗalibai karatu Madina, aka sami waɗanda za su iya ɗaukar kaya. Shugaban da bai horar da wanda zai gaje shi ba, ginin da ya yi aro ne.

Shiru na uku: idan shugaban ne ya kauce fa? Maghili ya tsoratar da sarki da hisabin Lahira sosai, ya kuma so a ce waziransa masu tsoron Allah ne da ba sa tsoron faɗa masa gaskiya. Amma birkin duka yana cikin zuciyar sarkin ne. In ya ƙi ji, littafin bai ba waziri wata hanya ba. Malam Abdullahi ya ga wannan da idonsa. Tun ana tsakiyar jihadi ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga wasu, ya bar jama'a da niyyar tafiya Makka, ya tsaya a Kano wajen 1807, mutanen Kano suka roƙe shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Niyya takan canja bayan an hau. Saboda haka babin farko na Tajuddini, duk da shi ne tushe, bai isa shi kaɗai ya tsare ƙungiya ba. Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, jama'a ba sa ganinta. Abin da suke iya gani shi ne littafin kuɗi da wa'adin mulki.

Shiru na huɗu, mata. A littafin sun fito a matsayin masu kawo kuka da ya kamata a saurara, wannan kuwa alheri ne. Amma ba su fito a matsayin masu riƙe da aiki ba. Mu kuwa mun san su wa ke cika ajin dare, su wa ke haɗa adashin da ake sayen tabarmi, su wa ke dafa abincin buɗa-baki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'yan taru, ta naɗa jajis da ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar, kuma tsarin ya rayu bayanta. A Hudaibiyya ma, da sahabbai suka yi nauyin yanka da aski saboda baƙin ciki, shawarar Ummu Salama ce ta warware lamarin. Kwamitin da ke yanke shawara a kan ɓangaren mata ba tare da magajiya a zaune ba, sai dai a aika mata da saƙo bayan an gama, ya rufe wa kansa ido ɗaya.

Abin da in an kwaikwaya zai yi ɓarna

Babi na huɗu an rubuta shi ne don mutumin da ake iya sa wa guba. Yana gargaɗin sarki kada kowa ya kusanci abincinsa da makwancinsa sai amintacce, kada ya rabu da makami, ya yi hattara da inda yake kwana. A babi na uku kuma cikin ma'aikata har da 'yan leƙen asiri. Ga mai ƙasa da abokan gaba a iyaka, wannan hankali ne. Ga shugaban ƙungiya kuwa guba ce. Da zarar ya fara ajiye yaran da ke kawo masa wane ya ce kaza a shagon shayi, ya kashe amana, ya kuma faɗa cikin abin da aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana na mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. A bambance abu biyu: binciken aiki, wanda ake yi a fili a kan kowa da ƙa'ida ɗaya, da binciken mutum, wanda ake yi a ɓoye a kan wanda ba a so. Na farko yana ƙara yarda, na biyu yana cinye ta.

Haka babi na biyu, na kwarjini: sutura mai kyau, zama da natsuwa, rage dariya da yawan magana. Yana da kyau shugaba ya kama kansa. Amma na sha ganin an ɗauki wannan an mai da shi girman kai, har ƙaramin malami ya kasa cewa Afa, lissafin nan bai daidaita ba. Kwarjinin da ke rufe bakin mai gaskiya ya ci karo da gargaɗin da marubucin da kansa ya fi nanatawa. Ku tuna aya ta 159 ta Ali Imrana, mai umarni da yafiya da shawara, ta sauka ne a kan abin da ya faru a Uhudu, bayan an bi ra'ayin masu cewa a fita wajen gari, bayan kuma mafi yawan maharba hamsin da aka tsayar a kan dutse sun bar wurinsu. Wato a daidai lokacin da shugaba zai ce daga yau ba na sake jin ta kowa, a nan aka ce ya ci gaba da shawara da su.

Hukunci, da abin da ya rage gare mu

Tajuddini littafi ne na gyaran shugaba, kuma a wannan fage har yau da wuya a sami gajeren da ya fi shi. Littafin gyaran tawaga kuwa, wato yadda mutane masu iko daban-daban za su ja igiya ɗaya, wannan sai an nemo a wani wuri. Ina ba malamanmu shawara kada a karantar da shi shi kaɗai. A haɗa shi da Diya'ul Hukkami, da Usulus Siyasa na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina a kan ginshiƙai bakwai, har ya shigo da kula da masu sana'a da kasuwanni cikin aikin shugaba. A haɗa kuma da babukan shawara na Sira. Ɗalibi kuma duk umarnin da ya karanta ya tambayi kansa: wannan don yana sarki ne aka faɗa masa, ko don yana riƙe da amanar mutane? Na farko a bar wa sarakuna, na biyu namu ne duka, har da monitan aji.

Ga kwamiti kuwa, abin da littafin ya bayar da abin da ya bari duka suna nuna aiki ɗaya. A rubuta aikin kowa, har da iyakar da ke tsakanin liman da ciyaman: mumbari da karatu da fatawa na liman ne, gini da kuɗi da ma'aikata na kwamiti ne, inda suka haɗu a zauna tare. Mai ƙirga sadaka ya zama daban da mai ajiyewa, a ƙirga mutum biyu ko uku a sa hannu, kuɗi su shiga asusun ƙungiya da ba a cirewa sai da sa hannu biyu. A karanta lissafi a gaban jama'a a lokaci sananne, a manna shi a bango, ko sidi goma ne ya shigo. A sa wa kowane muƙami wa'adi, a san na'ibi tun yau. A zaɓi dattawa uku daga wajen kwamiti waɗanda kowa ya yarda da su, tun ana zaman lafiya, don ranar da rigima ta tashi kowane suna aka kawo wani zai ce na wancan ɓangare ne. Magajiya da wakilin samari su sami kujera da ƙuri'a. Shugaba kuma ya ware lokaci sananne a mako, ya zauna a farfajiyar masallaci, wanda duk ke da magana ya zo ba sai ta hannun kowa ba.

Wani zai ce duk wannan rashin yarda da juna ne, mu da muke aikin Allah. To ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa magana. Rubutu yana tsare zumunci ne daga mantuwa da zato. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon ƙungiya ba ya tsagewa a kan aƙida sau da yawa kamar yadda yake tsagewa a kan buhun siminti ashirin da ba a san inda suka shiga ba, ko kujerar da mai ita ya rasu ba a san mai hawa ba.

Allah ya jiƙan Shehu Maghili da malaman da suka isar mana da iliminsa. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba mabiya harshen faɗar gaskiya da ladabi, ya zaunar da Dagbon da Gana lafiya. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.